Gidan Yelwa da Jirgin Auta

Zuwa ga mahaifiyata, Mama Rifkatu mai masa ta Yelwa,

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na 'ya ga uwarta, ina fatan kina hutawa lafiya a wurin Ubangijin da kika bauta wa. Ni ce Saratu, babbar 'yarki. Mu nan ƙalau muke. Jikokinki suna girma, har Dauda ya fara kere ni tsawo, ni kuma ina nan makarantar da kika bar ni, ina fama da alli da 'ya'yan mutane.

Na daɗe ina son rubuto miki, amma na ƙi in zo miki da rabin labari, don na san ba kya son a fara miki magana a tsaya a tsakiya. Yanzu zancen ya kai inda za a iya faɗa. Zan kuma ajiye wasiƙar a fili, saboda iyaye suna ta tare ni a coci da wurin aiki suna tambaya ko koyon tuƙin jirgin sama ya fi sauƙi a waje ko a gida, na kuwa gaji da amsawa a tsaye. Su leƙa su karanta, ban hana su ba, amma da ke nake magana.

Kin bar mana wasiyya biyu a gadon asibiti, ban kuma sani ba ko kin lura ba sa jituwa. Lokacin Auta, wato Hannatu, ta dawo ke nan daga bautar ƙasa, inda aka tura ta ofishin duba yanayi a wani filin jirgi. Magana ɗaya ta dawo da ita a baki, ita fa sai ta tuƙa jirgi. Kika dube ta kina dariya da ɗan ƙarfin da ya rage miki, kika ce, "Wannan da ko keke bai iya ba?" Da ta fita ɗebo miki ruwa kika kama hannuna, da Hausarki da ba ruwanta da mace ko namiji, kika ce, "Idan Allah ya ba shi, kar ku hana shi." Kika numfasa, kika ƙara da cewa, "Gidan nan kuma kar ku sayar." Na ce to, ba tare da na san nauyin abin da na amsa ba.

Gidan nan shi ne duk abin da muke da shi. Tun rasuwar Baba kika zauna gaban tanda, kina sayar wa ɗaliban jami'a masa da kunun gyaɗa, kina sayen bulo goma yau ashirin wani watan, har ɗakuna suka jeru, ɗaliban da kike ciyarwa suka koma 'yan hayarki. Ni da Auta ne magada. Rabinsa nata ne, babu mai musun wannan.

Bayan mun share hawaye, Auta ta zo mini da wayarta cike da hotunan wata makaranta a Afirka ta Kudu. Ƙananan jirage jere reras, sama garau, ɗalibai cikin fararen riguna suna murmushi kamar ba su taɓa jin yunwa ba. Ta bayyana mini cewa matakin farko shi ne lasisin tuƙa ƙaramin jirgi don kanka, wanda ba a biyan mai shi albashi, amma sai da shi ake hawa mataki na gaba. Ta ce ba zangon karatu ake biya ba, awa ake saya: kowace awa a sama ka biya kuɗin jirgi da na mai da na malami. Ta nuna mini cewa awar can ba ta fi ta gida tsada da wani abin kirki ba, ga jirage da yawa, ga shi ana gamawa cikin 'yan watanni. Gaskiya ta faɗa, Mama, na bincika da kaina na tarar haka ne.

Amma ke kika haife ni. Na tambaye ta inda za ta kwana, da abin da za ta ci, da wanda zai biya tikitin zuwa da dawowa. Ga biza, ga inshorar lafiya, ga kayan sanyi, ga motar zuwa filin jirgi kullum. Ranar da aka yi iska ba a tashi ba, mai ɗaki ba zai rage mata haya ba. In ta dawo kuma sai an juya lasisin can ya zama na nan, da jarrabawarsa da kuɗinsa. Duk wannan da kuɗin waje ne, wanda kan kwana da farashi ɗaya ya tashi da wani. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne dole a nuna kuɗin a dunƙule a banki kafin a ba ta biza. Na juya lissafin ta kowace fuska, amsa ɗaya yake ba ni, sai an sayar da gida.

Makarantar da ke nan ƙasarmu kuwa tafiyar yini guda ce a mota. Da naira ake biya, kodayake man jirgi da kayan gyara daga waje suke zuwa, don haka dalar tana biyo mutum har gida, sai dai a hankali take tafiya. Babu biza, babu juya lasisi, garin tuwo da daddawa ma daga nan za a ƙulla mata. Abin da ya sace zuciyata shi ne da suka ce ana iya biya kaɗan-kaɗan, ka sayi awannin da ƙarfinka ya kai, in ka samu ka dawo ka ƙara. Nan take na ce alhamdu, ga hanyar Mama. Na gaya wa Auta cewa uwarmu da bulo goma-goma ta gina gida, mu ma da awa biyar-biyar za mu gina matuƙiyar jirgi. Ta yarda, ba don ranta ya so ba.

Haka muka fara. Ɗalibai suka biya haya, na haɗa da abin da na tara, ta tafi. Ta dawo bakinta har kunne, tana nuna wa Dauda yadda ake karkata jirgi da tafin hannu. Kuɗi suka ƙare, ta zauna gida jiran wata hayar. Kin san ɗalibanki, wani zai ce babansa bai sayar da wake ba tukuna, wani kuma ya ɓace sai dare ya yi. Aka shiga yajin aikin jami'a, ɗakuna suka zama kango wata da watanni.

Da ta koma, malaminta ya hau da ita sau ɗaya ya ce hannunta ya yi sanyi. Saukar da ta kusa ƙwarewa a kai ta gudu. Ya ce ba zai sa hannu a bar ta ta tashi ita kaɗai ba sai ta maimaita, kuma maimaicin ba kyauta ba ne. Kuɗin da muka tara don ta ci gaba ya tafi wajen komawa inda ta tsaya. Kafin ta ɗora wani abu damina ta sauka, yau hadari gobe ruwa, jibi jirgi yana wurin gyara, ɗalibai sun yi layi a kan wanda ya rage. Ta zauna can tana biyan ɗaki tana kallon sama. Sau biyu muna yin haka, farashin awa kuma yana ta hawa. Da na sake dubawa, abin da muka kashe ya kama hanyar abin da na gudar mata a waje, ga shi ko sau ɗaya ba ta tashi ita kaɗai ba.

Ranar da ta dawo karo na ƙarshe ba ta ko ajiye jaka ba. Ta tsaya a tsakar gidana ta ce, "Yaya, kin kashe mini lokaci. Waɗanda muka fara tare da su da suka fita waje duk sun gama. Ni a ba ni rabona." Na ce mata Mama ta ce kada a sayar. Ta ce, "Mama ta ce kada a hana ni." Kin ga inda kika jefa ni. Kowace a cikinmu tana riƙe da maganarki tana dukan 'yar'uwarta da ita.

Na yi fushi, ba zan ɓoye miki ba, har da ke na yi fushi. Na ce matar nan ta ɗaura mini kaya biyu ta tafi hutunta. Auta ta koma Yelwa da zama, a ɗan ɗakin da ke kusa da naki, in na kira ta sai ta amsa da kalma ɗaya. A coci ta canza layin zama. Matan zumunta suka lura, kin san su, ba abin da ke wuce su. Na auna na ga in na riƙe gida zan rasa ƙanwa, ba ni kuma da wata. Na ce a kira dillali.

Ya kawo wani Alhaji daga cikin gari, ɗan kasuwa, dattijo mai natsuwa. Ya ce yana sayen masarki tun kina soyawa a bakin titi, ya yi mana ta'aziyya kamar jiya kika rasu. Na bi shi da makullai muna zagayawa, Auta tana biye da mu. Muka zaga bayan gida inda ba a yi filasta ba. Ya tsaya yana shafa bango, ya ce, "Malama, wannan gini ya sha haƙuri. Bulon nan kala-kala ne, wannan layin daban wancan daban." Ya ɗaga kai ya ce, "Kwanon rufin dai iri ɗaya ne, wannan rana ɗaya aka saye shi." Shi lissafin abin da zai gyara yake yi, ya wuce gaba abinsa.

Ni kuwa na tsaya ina kallon bangon. Shekarar rufin ce ta dawo mini gaba ɗaya. Auta tana goye a lokacin, ba za ta tuna ba. Bangaye sun kai linta, wato saman ƙofa da taga, sun tsaya a buɗe, muna cunkushe a ɗakin haya ɗaya, ina ta yi miki mita ki rufa ko ɗaki ɗaya mu shiga. Kika ƙi. Kafinta ma ya ce a buga katako tukuna, kwano ya biyo baya in an samu. Kika ce masa, "Bango yana jira. Katako in ya sha ruwa ya sha rana, na sayi shi sau biyu ke nan." Kika ƙi kwasar adashinki sai a ƙarshe, kika sayar da awakinki na ƙauye, shekarar ko zanen Kirsimeti ba ki yi ba. Sai da komai ya cika, katako da ƙusa da kwano da ladan kafinta, sannan kika sa aka hau, ba a kuma sauko ba sai da aka rufe gidan kaf.

Ashe rabin dabararki na riƙe, Mama. Na tuna yadda kike tara bulo, na manta akwai aikin da ba kya taɓa farawa sai kuɗinsa ya cika. Ni da nake yi wa Auta gorin na fi ta sanin ki.

Na roƙi Alhaji ya ba mu lokaci mu yi shawara. Ya dube mu, ni da Auta, ya ce, "Gidan uwa ba a gaggawa da shi. In kun shirya ina nan, in kun fasa ma babu komai." Dillali ne kawai ya ɓata rai, don ya riga ya kashe la'adarsa a zuci.

Bayan sun tafi na zaunar da Auta a dakalin ƙofar ɗakinki na ba ta labarin rufin. Na ce abin da nake roƙo shi ne shekara guda, kada ta je kusa da jirgi, mu tara kuɗin duk awannin da suka rage har da na ko-ta-kwana, sannan ta tafi a lokacin da malaminta ya ce sama ta fi kyau, ta yi ta tashi kullum ba hutu har ta gama. Na ce in aka yi haka bai yiwu ba, da hannuna zan kira Alhaji. Muka sake auna na waje tare, wannan karon ba da faɗa ba. Ta rubuta wa makarantar can, suka amsa cewa sai sun gwada ta kafin su san nawa za su karɓa daga awannin da ta yi, jarrabawar takarda kuwa sai ta sake tasu daga farko. Ta sake karanta amsar, sannan ta ce, "Shekara ɗaya, Yaya. Ba ƙari."

Ba ƙaramar shekara ba ce. Ban taɓa ko sisi daga haya ba. Na shiga adashin malamai na ce a bar ni a ƙarshe. Don kada naira ta narke mana a hannu, da kaka maigidana ya je ƙauyen Miri ya sayo masara da abin da ya taru, muka jibge a ɗakin da babu ɗan haya, muka sayar da ta yi daraja. Auta kuwa ba wanda ya sa ta, wata safiya ta fito da tandarki ta wanke. 'Yar jami'a guda ta zauna ƙofar gida tana juya masa, da rana ta koyar da yara lissafi, da yamma ta buɗe littattafan jirgi. Ɗalibai suka sa mata suna Kyaftin, in sun zo sai su ce, "Kyaftin, a sauke mana ta ɗari biyu." Masarta ba ta kai taki ba, tana cika yis, amma ban taɓa gaya mata ba.

Kada ki zaci mun shirya tsaf a lokacin. Akwai ranakun da ta ga hoton wata ƙawarta sanye da kayan matuƙan jirgi ta shige ɗaki ta ƙi cin abinci. Ni ma in na ji an ce man jirgi ya sake tashi sai in sake zama in lissafa abin da muka tara. Kullum ina tunanin ranar da zan nemo lambar Alhaji.

Da kuɗin suka cika ta tafi. Wannan karon da safe ta tashi, washegari ta sake tashi, abin da ta koya jiya yana nan da ɗuminsa. Ba a daɗe ba ta turo mini hotonta tana jiƙe sharkaf, wai al'adarsu ce su sheƙa wa ɗalibi ruwa ranar da ya fara tashi shi kaɗai ya sauko lafiya. Ina cikin aji na gani. Na fita na jingina da bango, yara suna leƙe ta taga suna cewa Malama ba ta da lafiya.

Ga masu leƙen wasiƙar nan, abin da na sani ke nan, ba kuma na ce haka yake ga kowa ba. Waje ya fi sauri, awarsa ma wani lokaci ba ta fi tamu tsada ba, amma duk abin da ke kewaye da awar shi ke cin mutum, kuma sai mai kuɗi a dunƙule. Gida ya fi sauƙi, amma ga wanda shi ma ya dunƙule kuɗinsa kafin ya fara. Wanda ya biya a gutsuttsure kamar yadda muka yi da fari, zai sayi awa ɗaya sau biyu. Ku kuma sani lasisin nan ƙofar farko ce, ba a cin abinci da shi. Abin da ke gaban Auta ya fi wanda ta wuce tsada, tana ta neman tallafin karatu, ban kuma san yadda za ta kaya ba.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto miki.

A makon jiya aka yi mata gwajin ƙarshe. Mai gwajin ya hau da ita, ya sa ta yi duk abin da ya ga dama, suka sauka ya miƙa mata hannu ya ce ta ci. Da wayata ta yi ƙara ina tsakar gida ina tsince shinkafa. Na ɗauka na ji shiru, sai numfashi. Na ce a raina shi ke nan, gida ya tafi. Can ta ce, "Yaya, na ci." Na zauna a ƙasa, tiren ya kife, kaji suka samu rabonsu.

Sai ta ce akwai abin da za ta gaya mini, kada in yi mata dariya. Wai tana fitowa daga jirgin ta ciro waya, ta danna lamba ta kara a kunne. Sai da muryar kamfani ta ce lambar ba ta aiki sannan ta gane taki ta kira. Ashe duk tsawon lokacin nan ba ta goge ba.

Da muka ɗan natsu na tambaye ta me za ta ce miki da kin ɗauka. Na zaci za ta ce miki wanda ko keke bai iya ba yau ya tuƙa jirgi. Ta ja hanci ta ce, "Zan ce mata gidanta yana nan, ban sayar mata ba."

To kin ji saƙon, Mama. Ta kira ba ki ɗauka ba, shi ne na ce bari in isar. Gidanki yana nan, 'yarki ta tashi ta sauka lafiya, ranar Lahadi kuma layi ɗaya za mu zauna a coci. Rabon da in yi barci irin na kwanakin nan tun kina da rai. Na huce, ban ƙara jin haushin kayan da kika ɗaura mini ba, kewarki ce kawai ta rage.

Ubangiji ya ƙara miki hutu a wurinsa, ya sāka miki da alheri a kan kowace safiya da kika tashi hura wuta dominmu. Ya riƙe Auta a sama da ƙasa, ya buɗe mata hanyar da ta rage ba tare da mun sake kallon gidan nan da idon ciniki ba. Ya haɗa kanmu ni da ita har ranar da za mu same ki. A cikin sunan Yesu, amin.

Taki har kullum,
Saratu